Me ya haɗa Fansidar da Septrin da ganyen kontomire?

Bitamin folet ne ya haɗa su: Fansidar da Septrin magunguna ne masu toshe DHPS, abin da ƙwayoyin cuta ke ƙera folet da shi, kontomire (ganyen gwaza) kuwa folet yake ba mu.

Mene ne DHPS?

Inzayim ne, wato furotin mai haɗa sinadarai a cikin ƙwayar halitta. Tsirrai da bakteriya da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da kansu suke ƙera folet, bitamin B9, wanda in babu shi DNA ba ta ginuwa. Wajen ƙera folet, DHPS ke ɗaure wasu sinadarai biyu, PABA da faterin, wani inzayim ya ƙara sinadarin gulutamet, sannan inzayim mai suna DHFR ya ƙarasa aikin.

Mutum fa?

Ba mu da DHPS. Daga abinci muke samun folet: kontomire, alayyahu, wake, hanta. Shi ya sa magani ke iya toshe DHPS bai taɓa namu folet ba.

Yaya maganin ke aiki?

Magungunan salfa sun yi kama da PABA sosai, sai inzayim ya cafke su a madadinsa, aiki ya tsaya. Gerhard Domagk na Jamus ya bayyana na farkonsu, Prontosil, a 1935. Kowace ƙwayar Fansidar na ɗauke da miligiram 500 na salfadoksin mai toshe DHPS, da 25 na firimetamin mai toshe DHFR. An tare hanya ɗaya a wuri biyu ke nan. Haka Septrin ma yake aiki, da nasa sinadaran biyu.

Me ya sa ake ba masu ciki Fansidar a wurin awo?

Rigakafin maleriya ne. A asibitocin awo na Nima ko Aboabo a Ghana, daga mako 16 ake farawa: ƙwaya uku a haɗiye a gaban ma'aikaciyar jinya, ba a sake ba sai bayan wata guda. Ba maganin mai zazzaɓi ba ne. Ƙwayar maleriya ta sauya DHPS ɗinta, musamman sauyin gurbi na 437 a jikin inzayim ɗin da ya yaɗu a Afirka ta Yamma, sai ƙarfin maganin ya ragu, don haka wadda jikinta ya yi zafi gwaji take buƙata.

Ina ake yin kuskure?

A folik asid, wato ƙwayar folet da masu ciki ke sha, kuma wannan ya fi damun mu. Miligiram 0.4 a rana ba ya hana Fansidar aiki. Amma miligiram 5 kullum, wanda wasu ke saya a kemis ba tare da tambaya ba, yana rage ƙarfinsa, domin ƙwayar maleriya tana iya ɗibar folet daga jini. A nuna wa ungozoma fakitin ta duba.

Mai shan Septrin kullum saboda HIV ba ta ƙara Fansidar a kai. Wadda salfa ta taɓa fesa mata ƙuraje ko ta saɓule mata fata, ko gwaji ya nuna tana da ƙarancin G6PD, wani inzayim mai kare jajayen ƙwayoyin jini, ta faɗa tun kafin a miƙo mata ƙwayar.