Gayyar Git: Yadda Ake Haɗa Hannu da Gyara Gwajin da Ya Faɗi

Ɗaliban da ke dawowa hutu daga Dutse da Kazaure sukan taru a rumfar cajin waya ta ƙauyenmu, kusa da Ringim. Tun da suka ji ina taɓa harkar Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa rubutun manhaja, ban huta da tambaya ba.

Malam, wai Git na wane kamfani ne?

Ba na kamfani ba ne. Linus Torvalds ya fara shi a Afrilun 2005, bayan an janye wa masu gina Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, damar amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da suke adana tarihin canjinsu da ita. A Yulin shekarar ya miƙa ragama ga Junio Hamano. Lasisinsa GPL ne, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba.

To, yaya jama'a da yawa ke sa hannu wajen gina Git ɗin ba a yi karo ba?

Kun san gayya: kowa da kunyarsa, amma akwai mai duba aiki. Ka yi gyaranka a reshenka, wato layin aikinka na daban da ba ya taɓa na kowa, ka aika shi ta imel ga masu gina Git a matsayin faci, kamar dai facin taya, ƙarami kuma daidai wurin hujin. A ƙasa ka sa layin Signed-off-by, shaidar kana da haƙƙin bayar da shi. Sai a yi masa ca. Wani ya ce bayanin bai fito ba, wani ya ce raba shi biyu. Ka sake aikowa karo na biyu, na uku, ba abin kunya ba ne. Faci yakan fara zama a reshen seen, in ya samu karɓuwa ya shiga next a ƙara gwada shi, sannan master, babban reshen da ake fitar da sabuwar siga daga gare shi. Reshen maint na gyaran sigar da ta riga ta fita ne.

In gwaji ya faɗi fa?

A nan sabon shiga ke firgita, alhali nan ce ƙofarsa. Gwaje-gwajen, wato ƙananan umarnin da ke duba ko Git na aiki daidai, suna cikin jakar da ake kira t, kowanne da lambarsa, daga t0000-basic.sh. Wanda ya wuce ya rubuta ok, wanda ya faɗi not ok. Kada ka sake kunna su duka, batirinka ba zai kai ba. Ɗauki wanda ya faɗin kaɗai, ka ƙara masa -v ya nuna komai, da -i ya tsaya a tuntuɓen farko.

Kuma ba kullum laifin facin ba ne. Wata kwamfuta ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. Tawa tokumbo ce, batirin agogonta ya mutu, kullum tana tashi a shekarar da ba ta ba, har make, manhajar da ke harhaɗa Git daga rubutunsa, ya yi ta ƙorafin lokaci ya karkace. Akwai kuma gwaji mai faɗuwa yau ya wuce gobe, shi ake kunnawa da --stress har ya nuna halinsa.

Yaya zan gane canjin da ya jawo ɓarnar?

Da git bisect. In wayar famfon sola ta katse a ƙarƙashin ƙasa, mai hankali ba ya tone ta duka: ya gwada tsakiya, ya bar rabin da ke lafiya, ya sake raba sauran. Haka bisect yake yi. Canji 1,000, gwaji kamar 10 ya isa.

Me zai hana in goge gwajin kawai?

Wannan cire fitilar gargaɗin mota ne don ta dame ka. In matsalar sananniya ce kuma gyara bai samu ba, ana mayar da test_expect_success (ana sa ran gwajin ya wuce) ya koma test_expect_failure (an san zai faɗi), ta zauna a rubuce har a gyara.

Da irin sabis ɗinmu zai yiwu?

Saukewar farko ce mai cin data, a yi ta a gari. Daga nan tarihin duka yana kwamfutarka: reshe, gwaji, bisect, babu mai neman intanet. Sai ranar aika faci ka hau tudun bayan makaranta.