Waiwaye: Talat Mahmood da yadda gazal ta shiga fim ɗin Indiya

Dattawanmu da suka yi zamanin shiga silima a Kano da Kaduna sun san fuskar Dilip Kumar sarai. Idan ya sunkuyar da kai yana waƙar rabuwa, har wanda bai jin Indiyanci sai jikinsa ya yi sanyi. Amma ba muryarsa suke ji ba. Baki kawai yake motsawa, abin da 'yan Kannywood ke kira mamin. A finafinansa da dama na farkon shekarun 1950, mai muryar shi ne Talat Mahmood, wanda Indiyawa suka yi wa laƙabi da sarkin gazal.

Gazal ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta adabin Larabci, waƙar bege ce da kewar masoyi. Daga Larabawa ta shiga Farisanci, daga nan ta sauka cikin harshen Urdu, inda ta yi gida. 'Yar ƙwar biyu ce, kowane baiti yana tsaye da ƙafarsa, ga amsa-amo, ga kuma wata kalma da ake maimaitawa a ƙarshen baiti. A baitin rufewa sai sha'irin ya ambaci sunansa, kamar yadda marubuta waƙoƙinmu na ajami kan yi. A biranen Delhi da Laknau, waƙar fada ce da zauren masu ilimi. Ana zama da dare, mai rerawa ya riƙe baiti ɗaya yana juya shi, masu sauraro suna jinjina masa.

A Laknau ɗin aka haifi Talat ranar 24 ga Fabrairu, 1924, a gidan Musulmi masu riƙo da al'ada, waɗanda ba sa kallon waƙar fim a matsayin sana'ar ɗan mutunci. Wannan dai mu ma mun san shi a gidajenmu. Ya koyi waƙar gargajiyar Indiya a kwalejin kiɗa ta Marris, kuma tun 1939 ya fara rera gazal a gidan rediyon gwamnati na garin. Kamfanin HMV ya buga masa faifan garmaho na farko a 1941, sai wani faifai na 1944 ya kai sunansa ko'ina a ƙasar. Ya koma Kalkata, ɗaya daga manyan cibiyoyin fim a lokacin, inda ya riƙa waƙa da harshen Bengali da sunan Tapan Kumar.

Ya zo a kan gaɓa. Fim mai magana ya fara a Indiya a 1931, kuma da farko dole jarumi ya yi waƙarsa da bakinsa a gaban kyamara, makaɗa suna ɓoye a gefe. A 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya kawo dabarar ɗaukar waƙa daban, sannan a kunna ta jarumi ya bi. Duk da haka jarumai masu murya irin su K. L. Saigal suka ci gaba da riƙe kasuwa. Saigal ya rasu a 1947, shekarar da aka raba Indiya da Pakistan, jaruma kuma mawaƙiya Noor Jehan ta ƙaura Lahore a Pakistan. Gurbi ya samu, mawaƙan bayan fage suka cika shi. Talat ya isa Bombai a 1949.

A nan ne abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa ya faru. Muryarsa tana da wata 'yar rawa, wani karkarwa mai laushi da ke fitowa idan ya ja harafi. Wasu sun ce masa aibi ne, har ya fara ƙoƙarin ɓoye ta. Makaɗi Anil Biswas, da ya kira shi aikin fim ɗin Arzoo na 1950, ya hana shi, ya nuna masa wannan rawar muryar ce ma dalilin da ya sa aka neme shi. Waƙar da ya yi wa Dilip Kumar a fim ɗin ta buɗe masa ƙofa. Makaɗa irin su Naushad, Shankar da Jaikishan, S. D. Burman, Khayyam da Madan Mohan duk sun yi aiki da shi.

Aikin da ya yi ba ƙarami ba ne. Gefen faifai ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 3 da 'yan daƙiƙu, gazal kuwa ta saba da dogon dare. Talat ya iya matse ta cikin wannan ɗan lokaci ba tare da ya haɗiye harafi ɗaya ba. Urdunsa na Laknau ne, tsaf, kowace kalma tana fita da nauyinta. Shi ya sa da aka yi fim a kan rayuwar sha'iri Mirza Ghalib a 1954, shi aka ba baitocin namiji, Suraiya ta ɗauki na mace.

A fim ɗin Sujata na 1959 akwai wurin da Sunil Dutt ya riƙe kan tarho yana rera wa Nutan waƙa. Ita tana can ɗaya ɓangaren, yarinya ce daga zuri'ar da al'adar Indiya ke ƙasƙantarwa, wadda wani gida ya riƙa, ta san auren zai yi wuya. Ba rawa, ba gudu a lambu. Ta manna tarhon a kunne, hawaye na zuba, muryar Talat tana tafiya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada wani a gidan ya farka.

Kyakkyawan mutum ne, don haka furodusoshi suka ja shi gaban kyamara. Ya fito jarumi tare da Suraiya da Nutan, amma finafinan ba su yi wani tasiri ba, kuma a ganina sun cuce shi: makaɗa suka ɗauka hankalinsa ya koma can. Kafin ya dawo sosai, kasuwa ta juya. Shekarun 1960 na jarumai ne masu tsalle da ihu irin Shammi Kapoor, kiɗa ya yi ƙarfi, kayan kiɗan Turai suka yawaita. Mawaƙi Mohammed Rafi yana iya hawa sama da murya ya sauko, daga 1969 kuma Kishore Kumar ya mamaye fage. Murya mai raɗa ba ta da wurin zama a cikin wannan hayaniya. Madan Mohan ya tsaya kai da fata sai da Talat ya yi waƙoƙin Jahan Ara a 1964, kuma suna cikin mafi kyawun abin da ya bari, amma fim ɗin bai samu kasuwa ba.

Sai ya koma inda ya fito, dandali da faifai. Tun 1956 ya je rangadin waƙa Gabashin Afirka, inda Indiyawa ke da yawa, daga baya ya cika ɗakin taro na Royal Albert Hall a Landan. Ita ma gazal ta bar fim ta kama hanyarta. Mehdi Hassan da Ghulam Ali daga Pakistan, da Jagjit Singh a Indiya, suka shigar da ita gidajen talakawa ta kaset a shekarun 1970 da 1980, ga masu sauraron da Talat ya riga ya saba wa kunne.

Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Bhushan a 1992. Ya rasu a Bombai ranar 9 ga Mayu, 1998, yana da shekara 74.