Mimikiri: me ya sa malam-buɗe-littafi biyu za su yi kama sak alhali ba jinsi ɗaya ba ne?

Duk wanda ya taɓa karatun bayoloji ko yake bin masu ɗora hotunan ƙwari a intanet zai ci karo da wannan kalma, mimikiri, kuma na lura da yawa muna haɗa ta da ɓad-da-kama irin na hawainiya, alhali abu biyu ne daban. Hawainiya so take ta saje da ganye kar a gan ta kwata-kwata. Shi mai mimikiri so yake a gan shi ƙuru-ƙuru, amma a ɗauka wani ne. In za mu ba abin suna da Hausa sai mu ce aron kama, wato wata halitta ta fito da launi da zane har da salon tafiya irin na wata halittar daban wacce maƙiya ke shakka.

Ba sai mun je nesa ba, a bayan gari ma akwai shi, duk inda tumfafiya ta fito. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, ƙarshen fiffikensa na gaba baƙi da layin fararen ɗigo, yana tashi a hankali abinsa ba ya sauri ba ya tsoro, masana suna ce masa Danaus chrysippus, sunan da masanin halittu Linnaeus ya ba shi tun 1758. A ganyen tumfafiya yake ajiye ƙwai, tsutsarsa mai zanen fari da baƙi da rawaya da wasu siraran ƙahoni guda 6 ita ke cin ganyen, kuma kowa ya san farin ruwan nan na tumfafiya ba abin wasa ba ne, akwai dafi a ciki mai taɓa zuciya. Toh tsutsar nan dafin ba ya mata komai, adana shi take a jiki har ta rikiɗe ta yi fukafukai, saboda haka tsuntsun da ya kuskura ya haɗiye shi zai sha ɗaci, wani lokaci har da amai, daga ranar ya haddace wannan launi ba zai sake ba. Masu kamun fara ma sun san wannan karatu, farar da ke kan tumfafiya mai ado ce amma ba a sa ta a kasko.

Sai ga wani jinsin can daban, Hypolimnas misippus, tsutsarsa ba ta cin tumfafiya, wasu ƙananan ciyayi masu ruwa-ruwa da ke shimfiɗe a ƙasa take ci, tsuntsu zai iya cinye shi lafiya lau. Namijin baƙi ne wuluk da manyan fararen tabo kamar ƙwai, kewaye da shuɗi mai sheƙi in rana ta haska, ba yadda za a yi ka ruɗe da shi. Amma macen fa? Wallahi in ka gan ta a kan fure za ka rantse ta tumfafiya ce, ruwan goron nan, baƙin ƙarshen fiffiken nan, fararen ɗigon nan, komai ta ɗauko, har jan jikin nan da wancan ke yi a iska tana kwaikwaya. Tsuntsun da ya taɓa yin amai in ya hango ta sai ya kauce, dama an ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ita kuma ta tsira da ƙwayayen da ke cikinta, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Wannan nau'i, inda marar dafi ke fakewa da kamar mai dafi, shi ake kira mimikirin Bates, da sunan Henry Walter Bates, wani Bature ɗan Ingila da ya shiga dajin Amazon a Barazil a 1848 tare da Alfred Russel Wallace, bai koma gida ba sai 1859. Shekara 11 yana tara ƙwari, kuma abin da ya dinga ɗaure masa kai shi ne sai ya jera wasu a matsayin jinsi ɗaya saboda zanensu, in ya duba jijiyoyin fiffike da ƙafafu da kyau sai ya ga ashe ko dangi ɗaya ba su haɗa ba. A 1862 bayaninsa ya fito. Akwai sharaɗi a ciki da nake ganin shi ne mafi daɗin fahimta: dabarar tana ci ne in masu aron kamar ba su yi yawa ba, don in tsuntsu ya ci goma ya ji takwas daɗi gare su, toh tsoro ya ƙare, kowa ya shiga uku har mai dafin na gaskiya.

Nau'i na biyu kuma na Fritz Müller ne, Bajamushe da ya zauna a kudancin Barazil, shi ya kawo nasa bayanin a 1878. Tambayarsa ita ce, toh in duka biyun suna da dafi me ya kai su yin kama? Amsar ita ce kowane ɗan tsuntsu sai ya ɗanɗana kafin ya koya, kuma wanda aka ɗanɗana ɗin galibi ya tafi kenan, saboda haka in jinsi biyu ko uku suka yi anko sai su raba asarar a tsakaninsu, darasi ɗaya ya wadatar wa kowa. A nan babu mayaudari, duk gaskiya suke faɗa. Shahararren misali shi ne Heliconius erato da Heliconius melpomene na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, baƙaƙe masu ja da rawaya, abin mamaki in ka tsallaka wani yanki zanen erato ya canja sai ka tarar na melpomene ma ya canja daidai da shi. Masu bambance su sai sun juya fiffiken baya sun leƙa ƙasansa kusa da jiki, erato jajayen ɗigo 4 gare shi, melpomene 3. A namu ɓangaren kuma akwai Acraea encedon, shi ma yana shiga ankon na tumfafiya kuma shi ma ba ya ciwuwa.

Yanzu yaya za ka gane wane ne wane in ka ci karo da su a gona ko a lambu? Shawarata kar ka ɓata lokaci a fiffiken gaba, nan ne aka fi kwaikwaya don shi ido ke fara kamawa. Fiffiken baya za ka duba, a nan asiri ke tonuwa. Na tumfafiya na gaskiya yana da baƙaƙen ɗigo 3 a tsakiyar fiffiken baya, in ka ƙirga ka ga 4, na huɗun ya fi girma kuma kamar ya ɗan kumbura, toh namiji ne, wata 'yar jaka ce ta ƙamshi da yake jan hankalin mace da ita. Ita macen misippus ba ta da waɗannan ukun a tsakiya, in ta buɗe ɗigo ɗaya za ka gani can sama kusa da inda fiffiken gaba ke rufewa, wani lokaci ma ya ɓuya, sannan bakin fiffiken nata yana da lanƙwasa-lanƙwasa kamar bakin leshi kuma baƙin layin da ya zagaye shi ya fi kauri. Shi Acraea ya fi su ƙanƙanta, fukafukansa dogaye ne sirara, kuma ɗigon da ke fiffikensa na baya ƙanana ne birjik kamar an yayyafa tawada, ba sai ka ƙirga ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi yankinmu da ya kamata a sani, don hotunan intanet suna ruɗa mutane sosai. Yawancin hotunan Danaus chrysippus da za ka gani daga Indiya ne, nasu fiffiken baya ruwan goro ne gaba ɗaya. Na Afirka ta Yamma kusan dukansu fiffiken bayansu fari ne da ɗan ruwan goro a gefe, ana ce wa wannan siffa alcippus. Ita macen misippus tana fitowa kala-kala, wata da farin, wata babu, wata ma ko baƙin ƙarshen fiffiken ba ta da shi. Kenan in kana Kano ko Maraɗi ka ga mai fiffiken baya ruwan goro zalla, fara zargin mai aron kama ce sannan ka ƙirga ɗigo ka tabbatar.

Wanda ya fi ba ni mamaki a duk Afirka shi ne Papilio dardanus. Namijin fari-fari ne mai ɗan rawaya da baƙin gefe, da 'yan wutsiyoyi a fiffiken baya, kamarsa kusan ɗaya duk inda ka je. Matan kuwa siffarsu ta haura 10, a mafi yawan wurare ba wutsiyar ma, wata baƙi da fari tana kwaikwayon wani malam-buɗe-littafi mai dafi, Amauris niavius, ita ce aka fi gani a dazukan Afirka ta Yamma, wata ruwan goro tana kwaikwayon na tumfafiya. Da farko masana sun raɗa musu sunaye daban-daban a zaton jinsi daban-daban ne, sai a 1869 Roland Trimen da ke aiki a Kef Tawun ya nuna duk matan jinsi ɗaya ne. Uwa ɗaya za ta iya ajiye ƙwai 'ya'yanta mata su fito da kama biyu ko uku. A Madagaska kuma matan ba sa aron kamar kowa, da wutsiyarsu suke kamar mazan.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga an ɗora hoto guda daga nesa an manna suna, wasu kuma su kwafa su yaɗa, Hausawa sun gama magana tuntuni cewa kama da wane ba ta wane. Masu bincike suna amfani da hotunan da jama'a ke ɗorawa a shafukan tara hotunan halittu irin su iNaturalist don sanin inda kowane jinsi yake da lokacin da yake fitowa, kuma yankinmu na Sahel hotunansa kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da Turai, saboda haka kowane hoto yana da nauyi, kuskure ɗaya ma yana ɓata lissafi. Dan Allah in za ka ɗauka ka fita da safe kafin rana ta yi zafi, lokacin suna zaune suna shan hantsi ba su cika tashi ba, ka matsa a hankali kar inuwarka ta faɗa kansa, ka ɗau ɗaya yana buɗe ɗaya yana rufe, fiffiken baya ya fito sosai yadda za a iya ƙirga ɗigon. Ba sai ka kama shi da hannu ba, ƙurar nan da ke manne wa yatsa ita ce zanen nasa, ƙananan ɓawo ne jere kamar na kifi. Ka rubuta garin da ranar, in kuma a kan tumfafiya ka same shi yana lanƙwasa ciki yana ajiye ƙwai a bayan ganye, haɗa da ganyen a hoton.