Waiwaye: Kuɗin goro a kotun mayun Salem

A farkon shekarar 1692, wasu yara mata biyu a gidan limamin cocin ƙauyen Salem, a yankin Massachusetts da ke hannun Ingila a lokacin, suka fara birgima da ihu da sambatu. Ɗaya shekararta 9, ɗaya 11. Likita ya duba bai ga ciwo ba, sai ya ce aikin mayu ne. Da aka matsa musu su faɗi wanda ya kama su, suka ambaci Tituba baiwar gidan, da Sarah Good mabaraciya, da Sarah Osborne wadda ta daɗe ba ta leƙa coci ba. Mata uku ne marasa gata. Kafin ƙura ta lafa an zargi mutum sama da 200, an rataye 19, an kuma danne dattijo Giles Corey da duwatsu har ya cika, saboda ya ƙi buɗe baki ya amsa tuhuma.

A kan wannan tarihi Arthur Miller ya gina wasan kwaikwayonsa, The Crucible, da aka fara nunawa a New York a watan Janairun 1953. Ya yi wa labarin gyare-gyare, kamar ɗaga shekarun Abigail Williams, yarinyar nan mai shekara 11, zuwa 17. Amma bai taɓa yadda mutanen suke kafa hujja ba, wato a ga abu ɗaya ko biyu a yanke hukunci a kan mutum ɗungurungum, daga nan a yi wa duk wanda ya raɓe shi kuɗin goro.

A cikin wasan, Giles ya yi suɓul-da-baka cewa matarsa Martha tana karanta littattafai da dare, kuma in tana karatun sai addu'a ta kakare masa. An kama ta. Ann Putnam ta binne jarirai bakwai, zafin rashin ya sa ta ɗora wa masu karɓar haihuwa. Wannan mai sauƙin fahimta ne, mai baƙin ciki yana neman wanda zai riƙe. Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne zuwan Rabaran Hale, limamin da aka gayyato ya binciki maita, gidan manomi John Proctor, jarumin wasan. Hale mai ilimi ne, da tulin littattafai ya shigo garin. Ya ƙirga cewa sau 26 kacal Proctor ya je coci cikin wata 17, ƙaramin ɗansa ba a yi masa baftisma ba, ya sa shi ya kawo dokoki goma na Littafi Mai Tsarki, ya kawo tara ya manta ɗaya. Da waɗannan ya fara auna imanin gidan baki ɗaya. Ashe karatu bai hana shi gaggawa ba, sai ma ya sama mata tsari da lissafi.

Da aka je kotu abin ya ƙara faɗi. Mutum 91 suka sa hannu a takarda cewa sun san matan da aka kama da mutunci, alƙali Danforth ya ce a kamo su duka a bincike su. Daga baya ya ƙi ɗage rataya, hujjarsa kuwa an riga an rataye 12 a kan laifi iri ɗaya, don haka sassauci zai jefa shakku a kan hukuncin baya.

A tarihin gaske ma haka aka yi. Kotun da Gwamna William Phips ya kafa a watan Mayun 1692 ta karɓi shaidar cewa an ga kurwar wance tana shaƙe wance, abin da ba mai gani sai mai ƙarar. Mai karatu Bahaushe ya san irin wannan, inda marar lafiya ke kiran suna cikin zafin zazzaɓi, a je a jawo tsohuwa ta tsallake shi, sannan a ce ai maita gado ce. A Salem an kulle 'yar Sarah Good mai shekara 4. Rebecca Nurse, mai shekara 71, maƙwabta 39 suka shaide ta, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke ta, aka sa su sake nazari, aka rataye ta a watan Yuli. 'Yan uwanta mata biyu ma ba su tsira daga zargi ba, an rataye ɗaya.

Miller da zamaninsa yake. A 1950 Sanata Joseph McCarthy ya ce yana da sunayen 'yan gurguzu a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, halartar taro ɗaya shekarun baya kuma kan iya raba mutum da aikinsa. A 1956 kwamitin majalisa ya kira Miller da kansa, ya ƙi ba da sunan kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 1958.

Salem kuwa, Phips ya rushe kotun a watan Oktoban 1692, bayan malamin coci Increase Mather ya rubuta cewa gara mayu goma su kuɓuta da a hallaka marar laifi ɗaya. A 1697 alƙali Samuel Sewall ya nemi gafara a gaban jama'a, a 1711 aka amince a biya iyalai diyya. Wanke sunaye ne ya ja dogon lokaci. Elizabeth Johnson ƙarama, wadda aka yanke wa hukuncin kisa a 1693 amma ba a zartar ba, sai a 2022 majalisar jihar ta wanke ta, bayan 'yan wata makarantar sakandare a North Andover sun tono maganarta.