Ɗaukar hoton wasan mota: amsoshin tambayoyin da samari suka fi yi mini

Duk ranar da na saka hotunan wasan mota a Facebook, sai saƙonni su cika mini waya. Yawancin masu aikowa samari ne daga nan Birnin Kebbi, wasu daga Jega da Argungu, waɗanda suka sayi kyamara ta hannu, suka je kallo, suka dawo gida da hotunan da ba su yi musu daɗi ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Yaya, wai me ake nema a hoton wasan mota da ya bambanta shi da hoton mota kawai?

Sai ka fara gane abin da direban yake yi. Da gangan yake sa tayoyin baya su kuɓuce wa ƙasa, ko dai ya ja birkin hannu ko ya danna totur da ƙarfi, bayan motar ya zame gefe, shi kuma ya murza sitiyari zuwa ɓarin da take zamewa don kada ta juye masa gaba ɗaya. A Japan wasan ya yi ƙarfi tun shekarun 1970, Keiichi Tsuchiya ne ya fi yin suna da shi, a 2004 kuma aka fara gasar Formula Drift a Amurka. Motar da injinta ke tura tayoyin baya ita ce ta wasan, dalilin da ya sa za ka ga a nan ma tsofaffin BMW da Marsandi aka fi wahalarwa.

To hotonka ya nuna wannan kokawar: hancin mota na kallon wani wuri, tayoyin gaba sun karkace wani wurin, na baya suna juyawa, hayaƙi ko ƙura na tashi. Idan babu waɗannan, hoton mota ka ɗauka, ba na wasa ba.

Hotunana suna fita tangaram, amma motar kamar an yi fakin ɗinta. Ina matsalar take?

Shota ce. Ni ma haka na fara. Ranar farko na dawo da kati cike, na zauna bayan isha'i ina dubawa, kowace mota ana iya ƙirga ƙusoshin tayarta. Ƙanena ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya, wannan ai a bakin gareji ka ɗauke ta." Ban ji daɗi ba, amma gaskiya ya faɗa.

Shota ita ce ƙiftawar idon kyamara. Idan ka bar ta a kan otomatik da rana tsaka, za ta zaɓi wani abu kamar 1/1000 na daƙiƙa ko fiye. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin mita 16 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. A 1/1000 ko santimita biyu ba ta matsa ba, don haka komai ya sandare, har tayar. A 1/100 kuwa ta matsa kusan santimita 17, taya ta yi juyin da zai shafe ƙarafan wilinta. Wannan shafewar ce ido yake karantawa a matsayin gudu.

Juya maɓallin sama zuwa Tv idan Canon ce, ko S idan Nikon ce ko Sony. A nan kai ke zaɓar shota, kyamara ta daidaita ƙofar haske da kanta. Sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100. Fara da 1/250, inda taya ta fara nuna juyi kuma yawancin hotuna za su fita. Idan hannunka ya faɗa, sauko 1/160, sannan 1/125. Daga 1/80 zuwa 1/60 nan ne hoto ke yin kyau na gaske, bango da 'yan kallo su koma zane-zane a kwance, amma nan ne kuma ake zubar da hotuna da yawa. Kada ka ji kunyar goge goma don ka sami ɗaya.

Akwai inda shota mai sauri take da amfani: lokacin da taya ta watsa tsakuwa, ko ƙura ta turnuƙe motar na ɓullowa daga cikinta tana fuskantarka. Nan 1/1000 ta dace.

Na rage shotar, sai komai ya yi dishi-dishi har motar. Me zan yi?

Ka rage shota amma ka tsaya ƙiƙam. Dole ka raka motar da kyamara, kamar maharbin da ke bin tsuntsu da baki.

Ware ƙafafunka daidai faɗin kafaɗa, ka fuskanci wurin da kake son danna hoton, ba inda motar take fitowa ba. Manna gwiwar hannuwanka a haƙarƙari, hannun hagu a ƙarƙashin lens, idonka a ramin leƙe, kada ka miƙa kyamara gaba kana kallon allo. Sai ka murɗa ƙugunka zuwa inda motar take, ka kama ta tun daga nesa, ka dawo tare da ita. Ƙugu ke juyawa, hannu ba ya motsi. Danna a tsakiyar juyin, kuma ka ci gaba da bin ta bayan ka ɗaga yatsa. Yawancin masu koyo a nan suke faɗuwa: da sun ji ƙarar shota sai su tsaya cak, hoton ya lalace.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Motar da ke wucewa miƙe, duk jikinta kusan gudu ɗaya yake yi a idon kyamara. Motar wasa kuwa tana tafiya tana juyawa, hancinta da bayanta ba gudu ɗaya suke yi ba. Saboda haka a shota mai jinkiri ba za ta fito tas daga bamba zuwa bamba ba, ko wane ne ya riƙe kyamarar. Zaɓi wuri ɗaya ka kafa masa ido, fitilar gaba ta ɓarinka ko ƙofar direba. Idan nan ya fito tsaf, bayan motar ya ɗan shafe, hoton ya yi.

Kunna ɗauka a jere, ka riƙa sakin uku zuwa biyar a kowane wucewa. Sau da yawa na tsakiya ne ke fita, don na farko yana ɗauke da girgizar danna yatsa. Idan lens ɗinka Canon ne mai maɓallin hana girgiza da lamba 1 da 2, sa shi a 2, an yi shi ne don irin wannan rakiyar.

Ba sai ka jira ranar wasa ba kafin ka koya. Tsaya nesa da bakin titi a hanyar Kalgo da la'asar, ka yi ta raka 'yan kabu-kabu. Ranar hawan salla kuma ga dawakai. Wanda ya iya raka doki a sukuwa, mota ba za ta ba shi wuya ba.

Da na sauko 1/60 da rana, hoton ya fito fari fat.

Haske ne ya yi yawa, ranar Kebbi kuwa ba ta wasa. Akwai tsohon lissafin masu hoto: a rana mai ƙarfi, da ISO 100 da shota 1/100, ƙofar haske f/16 ake buƙata (lambar f in ta ƙaru, ƙofar tsukewa take yi). Ka sauko 1/60, kana neman wajen f/22, wasu lens ɗin iyakarsu ke nan. Ga shi kuma a f/22 hoto yana rage kaifi, duk wani ɗigon ƙura da ke kan sansar kyamara sai ya fito a sararin sama kamar ƙudaje.

Maganinsa filtar ND, baƙin gilashi da ake ɗaurawa a bakin lens, tabarau ke nan na kyamara. ND8 tana rage haske mataki uku, wato abin da ke neman f/16 ya dawo f/5.6. Duba lambar da ke bakin lens ɗinka ko bayan murfinsa, 52 ko 58 ko 67, ita ce girman filtar da za ka saya. Filtar CPL ma tana rage haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, tana kuma kashe ƙyallin gilashin mota har a ga fuskar direba da hannunsa a kan sitiyari. Da za a ce in zaɓi ɗaya, CPL zan ɗauka. In babu kuɗin ko ɗaya, ka bari sai bayan la'asar sakaliya.

Fokas fa? Kyamarata tana barin mota ta kama 'yan kallo.

Canza zuwa fokas mai bin motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony. Kada ka bar wa kyamara zaɓin wurin da za ta kama, ka ba ta ɗigo ɗaya ko ƙaramin rukuni a tsakiya. Hayaƙi da ƙura suna ruɗa ta, shi ya sa gaban mota ya fi bayanta sauƙin kamawa. Idan tsohuwa ce mai nawa, saita fokas a kan wani dutse ko alamar taya a inda ka san motar za ta bi, ka mayar da lens ɗin MF, wato fokas na hannu, ka jira ta iso.

A ina ya kamata in tsaya?

Wannan tambayar ta fi duk na sama nauyi, ita ce kuma ba a cika yi mini ba sai na tsokano ta. Mota idan ta ƙwace wa direba, wajen kwana take nufa, ba cikinta ba. Duk wanda ya tsaya a bakin waje na kwana ya tsaya a hanyarta. Tayar da ake gogawa a kwalta tana iya fashewa ta watso roba da waya. Shi kuma mai kyamara idonsa ɗaya na cikin rami, lens yana yi masa ƙarya game da nisa, ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefe. Ka sami abu mai ƙarfi tsakaninka da fili, ko ka hau tudu, ka tafi da aboki wanda aikinsa kawai ya tsaya bayanka ya ja rigarka. Kada ka tsuguna ko ka kwanta a inda ba za ka iya tashi da gudu ba.

Nisa kuma lens ke cike ta. Lens masu jawo nesa, 55-250 ko 70-300, waɗanda ake samu da sauƙin kuɗi, sun isa. Ɗan 18-55 da ya zo da kyamara yana jan mutum ya matsa kusa, abin da nake ƙi da shi ke nan.

Ni dai wasan da ake yi a kan titin gari ranar ɗaurin aure, cikin mutane da yara, na daina ɗaukarsa. Na lura direba yana ganin kyamara yake ƙara wauta, ba na son a ce da hannuna a ciki. Filin da aka keɓe, aka tsayar da mutane nesa, nan nake zuwa.

Game da haske, rana a bayanka tana fitar da launin mota. Amma ka gwada sa ta a bayan motar da yamma: ƙurar sai ta kama wuta, ta koma ja kamar garwashi, motar ta fito baƙa a tsakiya. Idan farin hayaƙi ya cika hoto, kyamara tana ɗauka haske ya yi yawa ta duhunta motar, sai ka ƙara mata haske da +0.3 ko +0.7 a maɓallin +/-.

Ƙura ba za ta kashe mini kyamara ba?

Za ta iya, musamman da hunturu. Kada ka cire lens a fili, ko sau ɗaya. In ya zama dole, shiga mota ka rufe gilashi, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa. Leda da roba a jikin lens suna taimakawa. Idan ka dawo gida, fara hure ƙurar da ɗan famfon roba kafin ka sa ƙyalle, don goge gilashi da yashi a kansa karce shi ne. Bakin riga da gefen rawani ba abin goge lens ba ne. A watan Afrilu kuma, da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar ta a mota a rufe.

Ni waya gare ni, ba kyamara. Da rabona?

Da shi, amma ka san iyakarta. Wayoyi da yawa, har wasu Tecno da Infinix, suna da sashen Pro inda za ka zaɓi shota da ISO. Matsalar ita ce ƙofar hasken yawancin wayoyi a buɗe take kullum, wajen f/1.8, ba ta tsukewa. Da rana in ka sa 1/60 fari za ka gani. Lokacinka shi ne dab da magariba, ko ka nemi 'yar filtar ND mai maƙalawa. Kada ka ja zum da yatsa, yanka hoton kawai yake yi. A gaskiya waya ta fi ƙarfi a bidiyo.

In dare ya yi fa?

Buɗe ƙofar haske iyakarta, ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, ka bar shota wajen 1/60, wadda dama duhu ya tilasta maka. Lens ɗin 50 mai f/1.8 yana aiki sosai a nan. Hoton zai yi ɗan tsaki-tsaki, in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, za ka rage shi a kwamfuta. Nemi inda fitilar wata motar ke haska hayaƙin daga baya, ka jira mai wasa ya ratsa ta wurin. Filasha kuwa kashe ta. Daga inda ya kamata ka tsaya haskenta ba zai kai motar ba, in kuma ya kai, idon direba ka kashe a tsakiyar kwana.