Abokin aikinka ya fi ka albashi: ina doka ta tsaya?

Ana cikin hira lokacin cin abincin rana sai ka gano wanda kuke teburi ɗaya, aiki iri ɗaya, yana karɓar dubu arba'in sama da kai duk ƙarshen wata. Daga ranar aikin ya fita daga ranka. To, kafin ka faɗa ofishin oga rai a ɓace, san inda doka ke bayanka da inda ta bar ka da bakinka.

Sashe na 17(3)(e) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce gwamnati ta tabbatar masu aiki iri ɗaya suna samun albashi ɗaya, ba tare da bambancin jinsi ko wani dalili ba. Magana mai daɗin ji. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya cire daga abubuwan da kotu za ta tilasta a yi. Shi kaɗai ba ya cin shari'a.

Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran kundin na 2010 ya ba ta hurumin sauraron ƙarar nuna wariya a wurin aiki, da yin hukunci da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su. Cikinsu akwai ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙasar ta amince da ita a 1974, mai cewa namiji da mace su samu lada ɗaya kan aiki mai daraja ɗaya. Saboda haka matar da aka rage wa albashi don kawai ita mace ce, ko wanda aka tauye saboda ƙabila ko addini, suna da inda za su kai kuka, muddin suna da hujja.

Amma fa ba kowane bambanci ne wariya ba. Wataƙila ya fi ka shekaru a aikin, ko ya fi ka takardu, ko kuwa ranar da aka ɗauke shi ya iya ciniki, kai kuma ka ce "yadda kuka gani, ranka ya daɗe." A kamfani mai zaman kansa, abin da ka sa wa hannu shi ne ke aiki, in dai bai gaza mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 ba. Shi ma bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba.

A nan sai ciniki. A ganina kuskure mafi yawa shi ne shiga da sunan abokin aiki a baki. Wasu kamfanoni sukan rubuta cewa albashi sirri ne, ka ga ka jawo wa bawan Allah takardar tuhuma. Ɗauko takardar ɗaukar aikinka, ka jera abin da aka ce za ka yi da abin da kake yi yanzu: rumbun kaya da aka ɗora maka bayan mai kula da shi ya tafi, sababbin yara biyu da kake koya wa aiki. Faɗi adadin da kake so, kada ka ce "a duba ni."

In oga ya ce ya amince, roƙi a ba ka a rubuce, da ranar da ƙarin zai fara shiga asusunka.