Ma'aikatan Shirin Fim

Ma'aikatan shirin fim su ne mutanen da ke aiki a bayan kyamara, tun daga ranar da aka ɗora alƙalami a kan labari har zuwa ranar da fim ya isa ga masu kallo. A al'adar sana'ar ana ware su daban da 'yan wasa, waɗanda ake gani a allo. Sunayensu ne ke gangarowa a ƙarshen fim, lokacin da yawancin masu kallo sun riga sun tashi. A manyan finafinan Amurka jerin yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci ya haura dubu idan fim ɗin ya dogara da siddabarun kwamfuta. A Kannywood, masana'antar finafinan Hausa mai cibiya a Kano, ayyukan su ne dai waɗannan, sai dai hannuwan ba su da yawa, mutum ɗaya yakan riƙe aiki biyu ko uku.

Wannan haɗa ayyuka tsohon abu ne. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990 kuma ake ɗaukarsa mafarin kasuwar finafinan Hausa na kaset, ya fito ne daga 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo da suka saba yi wa junansu komai. Sunan Kannywood kansa sai a 1999 ya bayyana a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji.

Masu kuɗi da masu labari

Furodusa, wanda ake rubutawa "shiryawa" a gaban sunansa, shi ne mai fim a aikace. Shi ke nemo labari, ya ɗauki darakta, ya yi ciniki da jarumai, ya tsara kasafi, kuma shi ake bi bashi idan fim ya faɗi. Wanda ya zuba kuɗin kuwa shi ake wa laƙabi da "ɗaukar nauyi", kuma ba dole ne ya taɓa taka wajen ɗauka ba. A zamanin kaset da faifan sidi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun sha zama masu ɗaukar nauyin, abin da ya ba su bakin magana a kan wane jarumi za a saka da waƙa nawa za a yi.

Rubutu ma kashi biyu ne. Akwai mai labari, wanda ya ƙirƙiro abin da ya faru, akwai kuma mai tsarawa, wanda ke yanka labarin fitowa-fitowa, ya sa wa kowa magana a baki. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce shafi ɗaya na rubutun fim daidai yake da kusan minti ɗaya a allo, don haka daga kaurin takarda furodusa kan kintaci abin da zai kashe. Marubuta littattafan Hausa da dama sun shigo fim ta wannan ƙofa.

A lokeshan

Da zarar an fita ɗauka, magana ta koma hannun darakta, mai ba da umarni. Shi ke yanke inda kyamara za ta tsaya, yadda jaruma za ta ɗago kai, da ko fitowa ta yi ko a sake. Amma ba shi ke riƙe da agogo ba. Wannan aikin mataimakinsa ne, wanda ke tsara abin da za a ɗauka kowace rana, ya tara mutane, ya nemi a yi shiru. Furodakshan manaja kuma shi ke fama da mota, masauki, man janareta da izinin mai gidan da aka ara. Mai kula da walwala yana kawo abinci da ruwa, aikin da ake rainawa har sai ranar da azahar ta wuce ba a ci komai ba.

Mai ɗaukar hoto ba mai danna kyamara ba ne kawai. Shi ke zaɓen gilashin kyamara, ya tsara haske, ya yanke ko ɗaki zai fito da duhu-duhun fargaba ko da hasken gidan biki. A Hollywood yana da rundunar kansa: wanda ke riƙe kyamarar, wanda aikinsa kawai ya murɗa gilashi don fuskar ɗan wasa kada ta dushe yayin da yake tafiya, shugaban masu fitila da mataimakinsa, da masu kafa ƙarafa da layin dogon da kyamara ke gudu a kai. A Kano yawancin wannan yana kan mai ɗaukar hoton ne da yaransa. Rana ma abokiyar gaba ce: hasken tsakar rana yana jefa inuwa a ƙarƙashin idon mutum, shi ya sa ake son ɗaukar waje da hantsi ko da la'asar sakaliya.

Sai masu tsara wuri, sutura da kwalliya. Falon attajiri da zauren malami ba su da kaya iri ɗaya, kuma mai kallo Bahaushe yana gane kuskure nan take: nadin rawanin da bai dace da sarautar ba, ko amarya ba lalle. Fim ɗin tarihi ya fi kowane wahalar da su, domin agogon hannu ɗaya ko turken wutar lantarki a bayan fage ya isa ya rusa zamanin da ake son nunawa. Mai kwalliya ba gyaran fuska kawai yake yi ba. Shi ke tsufar da saurayi, ya zana rauni, ya haɗa jini.

Ci gaban shiri

Wannan shi ne aikin da masu kallo suka fi jahilta, kuma shi ne ya fi tona asirin fim. Ba a ɗaukar fim bi da bi kamar yadda ake kallonsa. Idan labari ya koma gida ɗaya sau goma, duk goman za a ɗauke su a zama guda don kada a sake biyan kuɗin gidan. Ke nan mace za ta iya fita daga ɗakinta ranar Litinin, ta iso ƙofar gidan iyayenta ranar Alhamis a wata unguwa daban, alhali a allo daƙiƙa biyu ce tsakani. Mai ci gaban shiri shi ke rubuta cewa mayafinta ruwan toka ne, a kafaɗar hagu ta yafa shi, jakar tana hannun dama, kuma da kuka ta fito. Yana lura da inda shayi ya tsaya a kofi kafin a ce "kot", wato a tsai da ɗauka, da ɓangaren da hula ta karkata. Yanzu wayar hannu ta sauƙaƙa masa, yana ɗaukar hoton kowane ɗan wasa kafin a tashi. Shi ne kuma ke rubuta wace ɗauka darakta ya fi so, takardar da edita, mai tace hoto, zai dogara da ita daga baya.

Allon nan mai baki da ake tafawa a gaban kyamara ma ba ado ba ne. An rubuta lambar fitowa da ta ɗauka a jikinsa, ƙarar tafin kuma ita ce alamar da edita zai bi ya daidaita hoto da sautin da aka naɗa a wata na'ura daban. Finafinai masu dogon zango da suka cika YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, sun ƙara wa mai ci gaban shiri nauyi, don yanzu sai ya tuna abin da aka saka watanni da suka wuce.

Sauti da waƙa

Masu kallo kan yafe hoto mai rauni, amma ba sa jure maganar da ba a ji. Mai sauti yana zaune da abin ji a kunne, yaronsa na riƙe da doguwar sandar makirfo a saman kawunan 'yan wasa, kusa yadda za ta kama murya, nesa yadda ba za ta leƙo cikin hoto ba. A birni kamar Kano aikin haƙuri ne: ga kukan janareta, ga hon ɗin adaidaita sahu, ga injin markaɗen maƙwabta, ga 'yan kallo da suka yi dafifi a kan katanga. Idan an kira salla kuwa dole a dakata. A fannin sauti ne aka fi tsuke aljihu a finafinan Hausa na farko, kuma a nan ne aka fi jin tsukewar.

Waƙa ta ba Kannywood wasu ma'aikata da finafinan Turai ba su cika buƙata ba, tsarin da ya yi kama da na Indiya. Akwai marubucin waƙa, mai kiɗan fiyano a situdiyo, da mawaƙan da ke rerawa, sannan jarumai su hau kan muryar suna motsa baki, mai koyar da rawa yana tsara musu taku. Sau da yawa waƙar kan riga fim ɗin fita, ita ce tallarsa. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Fati Nijar sun yi suna ta wannan hanya har suka tsaya da ƙafarsu.

Bayan an gama ɗauka

Edita, mai tace hoto, yana karɓar sa'o'i masu yawa na ɗauka ya fitar da fim. Shi ke yanke tsawon shirun da ke biyo bayan mummunan labari, kuma yana iya ceto wasan da bai yi armashi ba ta hanyar komawa kan fuskar mai sauraro. Bayansa akwai mai gyara launi, mai haɗa sauti, da mai fassarar da ke bayyana a ƙasan allo, wadda rashin ba ta ga gwani ya sha jawo wa finafinan Hausa dariya. A manyan masana'antu akwai ma masu ƙirƙirar ƙananan sautuka a situdiyo, takun ƙafa, buɗe ƙofa, motsin riga, sana'ar da ake kira da sunan Jack Foley, wanda ya ƙware a kanta a kamfanin Universal tun farkon finafinai masu magana.

Rajista, horo da karramawa

A Kano, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa masu sana'ar rajista tana kuma duba fim kafin ya fita. MOPPAN ita ce uwar ƙungiyar masu harkar. Hukumar Finafinai ta Nijeriya, da aka kafa a 1979, tana Jos tare da makarantarta ta koyar da aikin fim, kuma a 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugabanta. Duk da haka yawancin ma'aikatan Kannywood a hannu suka koya: yaro ya fara da ɗaukar jakar kyamara ko naɗe waya, ya koma riƙe fitila, wata rana maigidansa ya bar masa ɗaukar fitowa ɗaya.

Jinkirin karrama na bayan fage ba a nan kaɗai yake ba. Masu ba da kyautar Oscar, da aka fara a 1929, sai a 2024 suka sanar da ware kyauta ga masu zaɓo 'yan wasa, sannan a 2025 suka sanar da ta masu tsara wasannin kasada, irin su faɗowa daga bene da kifewar mota, wadda za a fara bayarwa a bikin 2028.